Katin shaiɗanin da na ƙirƙira ya fi ƙarfin teburinmu, ina kuskuren yake?

Sabon Mai Zane ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wasan kati na Magic: The Gathering, musamman masu riƙe baƙin launi. Mu biyar ne muke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar, kuma mun yi yarjejeniya cewa kowa zai iya kawo kati ɗaya na ƙirƙirarsa ya sa a daminsa, wato tarin katunan da yake wasa da su, muddin sauran sun duba sun amince. Nawa na rubuta shi a 'yar takarda, na zura a leda a gaban katin fadama, wato katin ƙasa na baƙin launi, don kada a gane shi ta baya. Saboda kalmar mana ta wasan, wato abin da ake biyan farashin kati da shi, tana rikicewa da tamu ta Hausa, zan riƙa cewa makamashi a madadinta.

Na sa wa katin suna Ifiritun Bashi, halitta ce nau'in shaiɗani. Farashinsa makamashi huɗu ne, biyu daga ciki dole su zama baƙi. Ƙarfin dukansa 6, juriyarsa 6, kuma yana tashi sama. Idan ya shigo fili, mai shi zai ja kati uku. A farkon kowane zagaye na mai shi kuwa, zai rasa rai 3. Abin da nake so ɗan wasa ya ji shi ne abin da mai cin bashi yake ji, wato ya karɓi abu mai yawa yau da fara'a, sa'annan kowace safiya ya tarar da mai bin sa a ƙofar gida.

Sai dai a tebur ba haka abin ya kasance ba. Asabar ɗin da ta wuce na sauke shi a zagaye na huɗu, na ja katunana uku, abokina mai farin dami ya kore shi nan take da Swords to Plowshares. Wannan kati yana ba mai halittar da aka kora rai daidai da ƙarfin dukanta, don haka na tashi da ƙarin rai 6 da kati uku a hannu, ban biya ko ɗaya ba. Abokin nawa ya kifa katunansa a kan tabarma ya ce da ni, "Wannan ai ba bashi ba ne, kyauta ce." A wasannin da ba su sami abin kashe shi ba kuma, kafin ran da nake rasawa ya dame ni na riga na gama da su. Yanzu sun ce ko in gyara shi ko in cire shi, kuma na ga gaskiyarsu.

Hanyoyi uku nake tunani: in ɗaga farashinsa zuwa shida, ko in mayar da ran da ake rasawa 5, ko in rage jikinsa zuwa 4 da 4. Wacce ce a cikinsu za ta daidaita shi ba tare da ta kashe ma'anarsa ba?

Tsohon Ɗan Fadama ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ra'ayin katinka yana da kyau, kuma abokinka ya riga ya faɗa maka ainihin ciwon a jimla ɗaya. A ganina babu ɗaya cikin hanyoyinka uku da za ta warkar da shi, domin dukkansu lambobi suke taɓawa, alhali matsalar tana cikin lokacin da ake karɓa da lokacin da ake biya.

Fara da auna abin da ka bayar. Akwai baƙin kati mai suna Ambition's Cost, farashinsa huɗu kamar naka, aikinsa duka shi ne ka ja kati uku ka rasa rai 3, kuma a take ake cire ran. Kai ka ba da wannan aikin gaba ɗaya, ka jinkirta biyan, sa'annan ka ɗora halitta mai 6 da 6 mai tashi sama a kai. Ko da ka kai farashin shida, wanda ya kashe ta ya ɓatar da katinsa ɗaya, kai kuwa ka mayar da naka ɗaya da uku. Kullum shi ne a ƙasa.

Dubi yadda masu ƙirƙirar wasan suka riƙa yin irin waɗannan halittu tun farko. Lord of the Pit yana cikin fitowar farko ta 1993, lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da wasan da Richard Garfield ya ƙirƙira. Farashinsa bakwai, jikinsa 7 da 7, amma a farkon kowane zagaye sai ka yanka masa wata halitta taka, in kuma ba ka da ita ya yi maka dukan 7. Abyssal Persecutor na 2010 yana da farashi huɗu da jiki 6 da 6 kamar naka, amma muddin yana fili ba za ka iya cin wasan ba, abokin karawarka kuma ba zai iya faɗuwa ba, sai ka nemi hanyar da za ka kashe abinka da hannunka. Desecration Demon na 2012 shi ma huɗu ne da 6 da 6, amma an miƙa linzaminsa ga abokin gaba: a farkon kowane faɗa zai iya sadaukar da halittarsa ɗaya, shaiɗanin ya karkata bai kai hari ba, ko da yake yana ƙara girma. A cikin waɗannan uku babu wanda yake ba ka komai a lokacin shigowarsa. Ribarsu ita ce jikin kansa, don haka ranar da jikin ya tafi, riba da wahala tare suke tafiya, kuma babu wanda aka cuta. Naka ya raba su biyu, ya sa riba a ƙofar shiga, ya rataye wahala a wuyan halittar da kowa yake ƙoƙarin kashewa.

Abu na biyu shi ne rai ba shi da tsadar da sababbin masu zane suke zato. Kowa yana farawa da 20, kuma mai rai 1 yana da ikon da mai rai 20 yake da shi, ba a rage masa komai. Masu baƙin launi sun daɗe da sanin haka. Necropotence, wanda ya fito a 1995, yana musanya rai ɗaya da kati ɗaya, kuma ya mamaye gasanni a 1996 har 'yan wasa suka riƙa kiran lokacin da baƙin bazara. Griselbrand na 2012 yana da farashi takwas, ka biya rai 7 ka ja kati bakwai, amma aka hana shi a tsarin gasa na Commander a shekarar da ya fito. A tsarin Legacy kuma masu amfani da shi sun daɗe ba sa biyan takwas ɗin nan, jefa shi maƙabarta, wato inda ake ajiye matattun katuna, suka riƙa yi da Entomb su tashe shi da Reanimate, kowanne a kan makamashi ɗaya. Wannan ya kamata ya sa ka yi hattara da dogaro da farashi kaɗai, domin baƙin launi shi ne ya fi kowa iya zagaye farashi ta maƙabarta, kuma duk abin da ka rubuta a kan shigowa fili zai faru ko ta wace ƙofa halittar ta shigo.

Shawarata ita ce ka juya katin. Kada ya ba da komai a ranar shigowa. A farkon kowane zagayenka ka ja kati ɗaya, ka ɗora masa alamar bashi ɗaya, kuma duk ranar da ya bar fili ka rasa rai 2 a kan kowace alama. Ta haka wanda ya kashe shi da wuri ya hana ka riba, wanda ya kashe shi a makare kuma ya sa ka biya abin da ka tara. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to ka tabbata askin yana cikin rubutun katin, ba a cikin labarin da kake ba abokanka ba.

Malamar Lissafi ta amsa:

Na yarda da Yaya a kan juya katin, amma ina ganin gyaran nasa ya bar ƙofa ɗaya a buɗe. Idan biyan yana zuwa ne kawai ranar da halittar ta bar fili, to a duk wasan da abokin karawa bai sami abin kashe ta ba, mai ita zai riƙa jan ƙarin kati kowane zagaye ba tare da ya rasa komai ba har ya ci wasan. Wato a daidai wasannin da katin ya fi cutarwa, a nan ne ba shi da aibi ko kaɗan. Bashin yana buƙatar wa'adi.

Ga yadda nake lissafa irin wannan. Ka ƙirga yawan harin da halittar take buƙata kafin ta cinye rai 20 ita kaɗai, sa'annan ka sa wa'adin ya cika kafin harin ƙarshe. Katinka na farko ya sauka a zagaye na huɗu, ya kai hari a na biyar, na shida, na bakwai da na takwas, jimilla 24, kai kuma a lokacin ka rasa 12 kawai, saura 8 a hannunka. Shi ya sa kake riga su. Ko ka mayar da asarar 4, za ka rasa 16 ka tsira da 4. Sai a kan 5 ne lissafin yake juyawa, ka mutu a farkon zagaye na takwas kafin ka kai harin da zai gama wasan, amma a nan kuma dukan 5 kacal daga abokin gaba ya isa ya kashe ka tun a na bakwai, sai katin ya zama wanda mutane za su so ya mutu da wuri bayan sun kwashi katunansa uku.

Misalin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Archfiend of the Dross na 2023. Farashinsa huɗu, jikinsa 6 da 6, yana tashi sama, yana shigowa da alamomi huɗu, ana cire ɗaya a farkon kowane zagayenka, kuma ranar da suka ƙare ka faɗi wasan. Idan ka bi shi za ka ga hari uku kawai yake samu, wato 18, saura 2 ya cika 20. Sai kuma aka ba shi wani aiki na biyu: duk lokacin da halittar abokin gaba ta mutu, mai ita zai rasa rai 2. Ka ga giɓin da aka bari da abin da zai cike shi daidai suke, kuma cikewar tana hannun ɗan wasa, sai ya yi aiki kafin ya same ta.

Don haka zan ƙara wa shawarar Yaya layi ɗaya, in kuma canja lambobin. Farashi biyar, jiki 5 da 5, kuma idan alamomi suka kai huɗu dole ka sadaukar da shi. Zai sauka a zagaye na biyar, ya kai hari uku a na shida, na bakwai da na takwas, wato 15, a farkon na tara kuma ya tafi da ranka 8 bayan ya ba ka kati huɗu. Ragowar 5 ɗin sai ka nemo su da katunan da ya ranta maka. Abin da za ka gwada shi da shi shi ne Bloodgift Demon na 2011, mai farashi biyar da jiki 5 da 4, wanda yake ba da kati ɗaya a kan rai ɗaya kowane zagaye. Naka ya fi shi juriya da jinkirin biya, shi kuma ya fi naka arhar ran da ake biya da daɗewa.

Game da ɗaga farashi, ka san cewa kowane mataki yana da nauyi fiye da yadda yake a ido. A dami mai kati 60 da katunan ƙasa 24, waɗanda su ne suke ba da makamashi, idan kai ne ka fara wasa kuma ba ka sake rabon hannu ba, damar ka sami ƙasa huɗu a zagaye na huɗu kusan 63 cikin 100 ce, amma damar ka sami bakwai a zagaye na bakwai kusan 20 cikin 100 ce kawai. Katin da ka kai can sama zai daina damun abokanka ne saboda ya daina fitowa, wannan kuma ba shi ne daidaito ba.

Mai Son Tatsuniya ya amsa:

Ni a kan sunan zan yi magana, domin a wannan wasa suna da nau'in halitta suna shiga cikin doka. Ifiritu da aljani nau'o'i ne masu zaman kansu tun fitowar Arabian Nights ta 1993, inda aka sami Juzám Djinn da Serendib Efreet, kuma ba ɗaya suke da shaiɗani ba. Bambancin yana aiki a fili, misali Baneslayer Angel ta 2009 tana da kariya daga shaiɗanu da dodannin wuta masu fukafukai, amma ba ta da ita daga ifiritai. Idan sunan katinka yana cewa ifiritu, layin nau'insa kuma yana cewa shaiɗani, wata rana za a yi gardama a tebur.

A Hausa ma kalmomin ba su zo daidai ba. Aljani a wurinmu akwai nagari akwai mugu, kalmar shaiɗan kuma tana da nauyin da wasu ba za su so a riƙa maimaita ta cikin wasa ba, kuma ya kamata a girmama hakan. Su kansu masu ƙirƙirar wasan sun daina buga sababbin shaiɗanu daga tsakiyar shekarun 1990 saboda gudun ƙorafin jama'a a Amurka, sai a 2002 suka dawo da su da Grinning Demon. Da ni ne zan kira shi Dodon Bashi, in bar layin nau'in yadda yake saboda doka. Dodon tatsuniyoyinmu shi ne wanda ake yi wa alkawari a lokacin matsi, a manta, sai ya dawo neman abinsa a ranar da ba a shirya ba, kuma duk wanda ya taso a gidan Bahaushe zai gane halin katin daga sunan kafin ya karanta sauran.

Sabon Mai Zane ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Yaya, Malama, da ɗan'uwa mai tatsuniya. Na karɓi sunan Dodon Bashi, na kuma rubuta sabon katin kamar yadda Malama ta tsara. Jiya da dare ni da ɗaya daga cikin abokan muka gwada shi, muna musayar wanda zai fara, daga baya kuma muka yi musayar damin gaba ɗaya don in ji yadda yake idan da ni ake karawa da shi.

Wasa ɗaya ya tsaya mini a rai. Dodon yana hannun abokina da alamomi biyu, ransa 9, ni kuma ina riƙe da katin da zai kashe shi. Da na kashe shi a lokacin zai rasa 4 ya koma 5, da na jira zagaye ɗaya zai rasa 6 ya koma 3, amma sai na sha wani dukan 5 kuma ya ƙara jan kati. Na daɗe ina jujjuya katin a hannuna kafin in yanke shawara, abin da tsohon katin bai taɓa sa kowa ya yi ba, domin shi amsarsa kullum ɗaya ce, a kashe shi yanzu.

Saura tambaya guda. Ina tunanin in mayar da jan katin zaɓi, wato mai shi ya ga dama ya ja ya ɗora alama, ya ga dama ya bari. Ina ganin hakan zai ƙara wa mai riƙe da shi abin tunani, amma ban tabbata ba ko zai lalata wa'adin.

Tsohon Ɗan Fadama ya sake amsawa:

Zai lalata shi, ƙanena. Da zarar ka sa zaɓi, ɗan wasa zai ja sau uku ya tsaya, ya zauna da halitta mai 5 da 5 mai tashi sama har ƙarshen wasa, kuma ƙofar da Malama ta rufe ta sake buɗewa. Ka bar shi dole. Demonic Pact na 2015 yana da zaɓi, amma zaɓin jere ne kawai: abubuwa huɗu ne, uku na alheri, na huɗu faɗuwa, ba a maimaita wanda aka ɗauka, kuma ba a tsallake zagaye.

Wannan katin ya tuna mini da ramuka biyu da ya kamata ka duba. Na farko, a 2016 mutane sun riƙa kwashe alherin Demonic Pact su miƙa wa abokin gaba shi da Harmless Offering kafin zaɓin ƙarshe. Dodonka ma za a iya miƙa shi da alamomi uku a kai, wani ya biya abin da bai ci ba. Na biyu, Vampire Hexmage na 2009 yana share duk alamomin da ke kan kati a kan makamashi biyu, kuma shi ma baƙi ne, don haka dami ɗaya za su zauna. Ni ba zan toshe su duka ba, domin mai son ya damfari Dodo sai ya kashe kati na biyu, kuma wannan yana cikin daɗin baƙin launi. Amma idan ka ga abin ya yi yawa a teburinku, ka rubuta cewa mamallakin katin ne yake biya, ba wanda yake riƙe da shi a lokacin ba.

A rubutun kuma ka tabbata ka ce idan ya bar fili, kada ka ce idan ya mutu. Swords to Plowshares kora take yi ba kisa ba, haka ma mayar da kati hannu ba mutuwa ba ce, kuma da kalmar mutuwa abokinka mai farin dami zai sake yafe maka bashin ba da niyya ba. Idan kuma za ku kai shi Commander, inda ake farawa da rai 40, rai 2 a kan kowace alama ba zai ji wa kowa ciwo ba, sai ku gwada 3 ko 4 a can.